Turancin Ofis Ya Biyo Mu Har Kasuwa Da Tsakar Gida

Jawabin da aka gabatar a gaban taron 'yan ƙungiya a Gangare, Jos





Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kai yau abu ne da jama'a suka daɗe suna gunaguni a kansa a majalisu da teburan mai shayi, amma ba a taɓa kawo shi gaban taro irin wannan ba. Wato irin maganar nan ta ofis da ta cika mana baki, ta baro teburin akawu ta biyo mu kasuwa, yanzu kuma ga ta har tsakar gida. Yau in kana bin mutum bashi ka je karɓa, ba zai ce maka babu ba, ba kuma zai ce ka dawo Juma'a ba, sai ya ce ana kan firosesin. Ka kai wa tela ɗinkin Sallah, ka tambaye shi yaushe, ya ce zai ba ka afdet. Ka aiki yaronka na cikinka ya gano maka jikin kawunsa a Unguwar Rogo, ya dawo ya ce zai ba ka fidbak in ya ci abinci. Har wanda ya fito neman aure, in waliyyin yarinya ya ce masa to sai a turo magabata, sai ka ji ya ce suna kan konsalteshan. Jama'a, kun ga ana dariya, amma abin ya wuce na dariya.

Kafin mu yi nisa, bari mu kawar da wani zato, don mun ga samari sun fara kallon juna. Ba mu zo nan don mu ce a daina aron kalma daga Turanci ba. Mutumin Gangare ne ma zai faɗi haka? Ai unguwar nan da aron kalma ta tashi. Kuza dai sunanmu ne, don tun kafin Bature ya hau tudun nan mutanen Riruwai suna narka ta suna sayarwa. Amma da kamfanonin Turawa suka fara haƙa a wajajen Naraguta a farkon ƙarnin da ya wuce, ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, babban layin dogo ya biyo ta Kafanchan a 1927, kakanninmu da suka taho daga Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi da Barno sun tarar da aiki sabo da kayan aiki sababbi, dole su ba su suna. Nan aka sami lebura da heluma da manaja da masinja, aka sami diga da shebur, aka sami kwangila da ɗan kwangila. Shi kansa sati da muke ƙirga kwanaki da shi, daga sunan ranar Asabar ta Bature ya fito, ranar da ake biyan lebura. Bariki ma haka, shi ya sa har gobe muke cewa Barikin Ladi. Akawu kuwa daga bakin Yarbawa muka karɓe shi. In muka ƙara komawa baya, riba da hasara da lissafi da dillali da attajiri da amana, duk daga Larabci suka shigo, babu kuma wanda yake jin su baƙi a kunnensa yau.

To ina bambancin waɗancan da na yanzu? Ga shi. Duk kalmar da kakanninmu suka ara, abu ce da za ka nuna da ɗan yatsa. In an ce shebur, ga shebur. In an ce heluma, ga mutumin can tsaye a bakin rami yana ƙirga kwanon sarki. In an ce sati, kowa ya san ranar da kuɗi zai shiga aljihu. Sun ɗauki kalmar suka tanƙwara ta har ta zauna a harshen tsohuwar da ba ta taɓa ganin allon boko ba. Su kuwa waɗannan na yanzu, galibinsu ba don su nuna abu aka ƙera su ba, don su lulluɓe shi ne. Idan mutum ya ce maka ana kan firosesin, wa yake yi? Ba a faɗa ba. Nawa ne? Ba a faɗa ba. Yaushe za a gama? Nan ma shiru. Ka tafi gida da kalma mai nauyi a kunne, hannunka kuwa babu komai, kuma ba ka da inda za ka kama shi gobe ka ce ya saɓa alkawari, tun da bai yi maka alkawarin komai ba.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce, kuma tudun nan ya ɗanɗana ta tun da wuri. A 1942, da Jafan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila, inda Ingila take samun mafi yawan kuzarta, sai gwamnatin mulkin mallaka ta shiga kwaso mutane daga lardunan Arewa ana kawo su haƙar kuza ala tilas, har zuwa 1944. Da yawa sanyin Jos da yunwa da cuta suka kashe su. A takardun gwamnati an raɗa wa abin suna mai kyau, wai hidimar ƙasa ce ta lokacin yaƙi. Su kuwa talakawa suka ce ɗiban gwamna. Ku duba fa, kalma biyu kacal, amma ta faɗi abin da aka yi, ta kuma faɗi wanda ya yi. Haka Bahaushe yake raɗa suna in an bar shi da bakinsa.

Mu da muka yi wayo a shekarun 1980 mun ga yadda kalmomin nan suka riƙa zubowa kamar ruwan Agusta. A 1982 gwamnatin Shagari ta kawo osteriti, muka ce tsuke bakin aljihu, wannan da sauƙi don ma'anar ta fito. A watan Oktoba na 1985 farashin kuza ya rushe a kasuwar Landan, kamfanonin da dama suna ta tangal-tangal suka ƙarasa durƙushewa, aka sallami mutane a Bukuru da sauran barikoki. Amma ba a ce an kore su ba, aka ce ritirenci ne, wasu wuraren aka ce rashonalaizeshan. A 1986 Janar Babangida ya kawo SAP, wai gyaran tsarin tattalin arziki, tare da kasuwar canji ta biyu da suka kira SFEM. A farkon wannan shekara dala ɗaya ba ta wuce naira ɗaya da 'yan kwabbai ba, kafin shekarar ta ƙare ta haura naira 3. Babu wanda ya fito rediyo ya ce wa ɗan kasuwar Dilimi, kuɗin da ke hannunka an rage masa ƙarfi, kayan gyaran motar da kake sarowa daga waje za su ninka. Gyara aka ce masa ana yi. Sai da ya je saro kaya ya fassara wa kansa. A 1988 aka kafa kwamitin sayar da kamfanonin gwamnati a ƙarƙashin marigayi Hamza Zayyad, aka shigo da firaibetaizeshan da komashalaizeshan. Zamanin Obasanjo kuma korar ma'aikata ta sake sabon suna, aka ce daunsaizin, da aka ga wannan ma ya fara ɗaci sai aka koma raitsaizin. Duk dai an canza wa tuwo suna ne, magidanci ya koma gida babu albashi.

Na baya-bayan nan kuwa ba sai mun tuna wa kowa ba. Ranar 1 ga Janairun 2012 aka wayi gari litar mai ta tashi daga naira 65 zuwa 141, aka ce diregyuleshan ne. A 2020, lokacin kullen korona, muka koyi faliyatif, muka yi ta jin sunansa a rediyo ba mu gan shi a tukunya ba, sai a watan Oktoba da jama'a suka fasa rumbun ajiya a Bukuru aka ga buhunan hatsi jibge. A farkon 2023 aka ce kashles, aka canza takardun naira 200 da 500 da 1,000, mutum da kuɗinsa a banki ya rasa na cefane, mai tumatir a Farin Gada yana kallon kayansa suna ruɓewa, mai saye na tsaye da waya a hannu yana cewa babu netwok. A watan Afrilun 2024 aka ce an daidaita kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A, daidaitawar nan kuwa ita ce ninka kuɗin fiye da sau uku. Kowace daga cikin kalmomin nan ta zo da abin da ya taɓa tukunyar gidajenmu, kuma kowace an zaɓe ta ne don kada kunne ya ji zafin da aljihu zai ji.

Akwai kuma wata ƙofa da kalmomin nan suka shigo mana ta cikinta, ita kuwa ta mu ce mutanen Jos musamman. Bayan fitinar watan Satumba na 2001, da ta Nuwamban 2008, da ta Janairun 2010, Allah kada Ya maimaita mana, ƙungiyoyi masu zaman kansu na gida da na waje sun cika garin nan da tarurrukan zaman lafiya. Ba za mu yi musu butulci ba, wasunsu sun yi aiki na gaske, sun zaunar da mutanen da suka shekara ba su gaisa ba. Amma tare da alherin sun bar mana wani yare. Samarinmu suka shiga otal-otal suka fito da sitekholda da wokshof da kafasiti bildin da sensitaizeshan da emfawamen. Har ta kai yau in rigima ta tashi tsakanin maƙwabta biyu a kan magudanar ruwa, maimakon a ce a kira mai unguwa da liman, sai ka ji wani ya ce a yi ingejin ɗin sitekholdas. Su wa ke nan? In ka bi diddigi, mai unguwa ne da liman. To me ya hana a kira su da sunansu? Abin da ya hana shi ne, in ka ce mai unguwa, dole gobe da safe ka je ƙofar gidansa. In ka ce sitekholda kuwa, kana iya shekara kana shirin zama.

Kada kuma a ce laifin Turanci ne kaɗai. Mun iya yin wannan ciwo da Hausa tsantsa. Ku saurari labaran rediyo na yamma ku ƙirga sau nawa za a ce masu ruwa da tsaki, sau nawa za a ce wayar da kan jama'a, taron ƙara wa juna sani, ɗaukar matakan da suka dace, nan ba da jimawa ba, ciyar da jiha gaba, romon dimokuraɗiyya. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone a watan Fabrairun 2002, aka shafe sama da shekara 20 gwamnatoci suna zuwa suna wucewa, 'yan kasuwa na kasa kaya a bakin titi, ana ce musu shirye-shirye sun yi nisa. Nisan nan dai har ya ɓace wa gani. Haka in an kafa hukumar bincike, sai a ce jama'a su jira farar takarda. Mu dai a Hausar da muka tashi da ita, farar takarda ita ce wadda ba a rubuta komai a kanta ba, kuma sau da yawa fassarar nan takan zo daidai. Wasu kuma sai su ɗauko ginin maganar Bature ɗungurungum su sa masa rigar Hausa, ka ji ana cewa a ƙarshen rana, ko zan dawo gare ka. Ina za ka da za ka dawo? Ga ka ga mu, faɗi abin da ke bakinka.

Alhali fassara mai kyau ba gagararmu ta yi ba. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, su Abubakar Imam sun fuskanci abubuwan da Hausa ba ta da sunansu, haka ma ma'aikatan sashen Hausa na BBC tun daga 1957. Daga irin wannan ƙoƙari na 'yan jarida da masu fassara muka gaji kalmomi irin su Majalisar Ɗinkin Duniya da kasafin kuɗi. Ka ce wa tsoho kasafin kuɗi, nan take ya ga ana raba abu kashi-kashi, zai ma iya tambayarka nawa ne kason asibiti. Waɗancan mutane so suke a gane. Bambancin ke nan.

Yanzu bari mu zo inda abin ya fi damunmu, wato kasuwa. Cinikin mutanenmu, daga 'yan gwari na Farin Gada zuwa 'yan hatsi na Katako zuwa masu kayan mota na Dilimi, rabinsa a kan baki yake tafiya. Manomin rani ya kawo kabeji da karas da tumatir, dillali ya karɓa, a yi lodi zuwa Legas ko Fatakwal ko Anacha, kuɗi sai mota ta sauke. Mai dankalin Turawa daga Bokkos ya bar buhunansa ya koma gida a kan cewa ranar kasuwa mai zuwa zai karɓi kuɗinsa. Babu lauya, babu hatimi. Abin da ya riƙe wannan ciniki duka shi ne magana mai rana: Talata, bayan La'asar, naira kaza. In ranar ta zo ba ka cika ba, kasuwa duka ta sani, kai ma ka san an sani. To ranar da yaran shagunanmu suka koyi cewa fement ɗin yana fendin, ko muna da ɗan chalenj, ko akawun ɗin yana da ishu, ranar ce aka fara cire ranar daga cikin maganar. Mutum bai ce ba zai biya ba balle a kai shi gaban sarkin kasuwa, bai kuma ce ga ranar biya ba balle a jira. Malamanmu na nan zaune, sun fi mu sanin cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan bashi take, kuma ta yi umarni da a rubuta shi, a kuma ambaci lokacin biyansa. Firosesin ba lokaci ba ne.

Wannan lulluɓi shi ne kuma yake wanke abin kunya ya mai da shi abin ado. Cin hanci sunansa cin hanci, mai karɓarsa yakan sunkuyar da kai in an faɗa. Amma tun zamanin soja aka fara cewa a yi setilin ɗin wane, yanzu kuma an ci gaba, sai ka ji fi'ar, ko lojistiks, ko mobilaizeshan, ko afirishiyeshan. Gaskiya ne mu ma da can muna da namu, mukan ce na goro, amma ko yaro ya san goron nan ba na taunawa ba ne, kuma mai faɗa yakan rage murya. Shi kuwa mai lojistiks da ƙarfi yake faɗa, har ya rubuta a takarda ya sa hannu.

Abu na ƙarshe da ya sa muka karɓi wannan magana da muhimmanci, shi ne abin da muke gani a tarurrukanmu na unguwa, har da na wannan ƙungiya tamu. Dattijon da ya ba da filin da aka gina makarantar Islamiyya, da uwar marayun da ke biyan kuɗin wata-wata daga cinikin ƙosai, sukan zo taro su zauna awa biyu, 'yan boko na jifan juna da ajanda da komiti da imfilimenteshan da wei fowad, a tashi ba su ce uffan ba. In an fita sai a ce ai dattawa sun amince. Ba amincewa suka yi ba, kunya ce ta hana su cewa ba su gane ba a gaban 'ya'yan cikinsu. Daga nan sai su fara ƙin zuwa, daga ƙin zuwa sai ƙin biya, mu kuma mu zauna muna cewa jama'a ba su da kishi. Samari, ku yi haƙuri da mu, ba ƙin iliminku muke yi ba, da kuɗinmu muka kai ku makarantar. Turancin nan ku riƙe shi da kyau, za ku nemi aiki da shi, za ku tsaya mana a kotu da asibiti da shi. Amma wanda ya fahimci abu da gaske yana iya faɗa wa kakarsa shi ta gane. In kalma ta ƙi fassaruwa a bakinka, to ka bincika, wataƙila dama babu komai a cikinta.

Saboda haka muna roƙon shugabanni su duba wasu 'yan abubuwa da ba sa cin ko kwabo. A riƙa rubuta bayanin taro da Hausa, a karanta shi da Hausa, in akwai takardar da za ta tafi ofishin gwamnati sai a yi mata ta Turanci daban. A ba kowane mahalarci, babba ko yaro, mace ko namiji, damar ya ɗaga hannu ya ce a fassara, kuma kada a yi masa dariya. Duk wanda aka ɗora wa aiki, kada a karɓi ana kan yi daga bakinsa, ya faɗi wanda zai yi, da abin da zai ci, da ranar da za a zo a gani. Haka in ɗan siyasa ko jami'in wata ƙungiya ya zo mana da emfawamen, a karɓe shi da mutunci, a ba shi ruwa, sa'an nan a tambaye shi keken ɗinki nawa ne, mutum nawa za su samu, wa zai rubuta sunayen, kuma kyauta ne ko bashi. 'Yan kasuwa kuma, iyayen gida, ku ne za ku hana yaran shagunanku wannan yare, tun da sunanku ne yake tafiya Legas a bayan mota, ba nasu ba.

Malam Shugaba, mun ga ma'aji ya riga ya buɗe littafinsa, rahotonsa ne ke biye da mu. Muna roƙonsa, in ya iso layin nan da aka saba rubuta lojistiks da misaleniyas, ya dakata ya warware mana shi ɗaya bayan ɗaya: nawa aka ba mai kujeru, nawa aka sayi man janareto, nawa ne kuɗin motar waɗanda aka aika Bukuru.